Ita Ta Haɗa Maganin, Ni Na Shafa Wa Ƙanwata

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili, da ku masu karatu, malamai da ma'aikata da iyaye mata da ake karanta wa a tsakar gida. Ina gaishe ku gaisuwar wadda ta rasa inda za ta kai kukanta. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, in kun ga wani harafi ya karkace ku miƙe shi. Roƙona ɗaya ne, kada kowa ya tsine mini sai ya kai ƙarshe. In ya kai ya ga na cancanta, to bismilla. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, nawa kuwa ba zan faɗa ba.

Ni alwanka ce a ƙasar Gumel. Wato in za a aurar da yarinya ni ake kira, in sa ta a lalle, in murje mata jiki da dilka da kurkum, in yi mata wanka, in turara ta, in miƙa ta. Daga cikin gari har Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar ana aiko mini da goro. Wurin uwarmu na gaji sana'ar, kuma ba yabon kai ba, yarinyar da ta bi ta hannuna ko uwar da ta haife ta sai ta sake kallonta. Ina da baki, ina da zuciya, wannan duk unguwa an sani, kuma ban iya a gaya mini magana in haɗiye ba.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira ta Azumi. Agana ta kama ta tana ƙarama, a shekarar da ta kwashe yara da yawa a unguwarmu. Ita ta tashi, amma ta tashi da zanzana a fuska ta ko'ina. Uwarmu ba ta daɗe ba bayan nan, ni na goye Azumi, ni na aurar da ita ga Malam Idi, wani tela a Ɗanzomo, mutum mai sanyin hali da ya gan ta da zanzanarta ya ce ya ji ya gani. Suna zaune lafiya, har da ɗansu a goye. Ita zanzanar ko a jikinta. Ni ce abin yake ci. Kun san bakin mata a gidan biki. Ina tsaka da murje amarya wata za ta ɗaga murya ta ce, "Alwanka, kin gyara 'ya'yan duniya, taki ta gida fa? Ko dilkar ba ta cin zanzana?" A kwashe da dariya, ni ma in yi, amma in koma gida ina tafasa. Wa ya aike ni? Mijinta ya yi ƙorafi ne? Ita ta kawo mini kuka ne? Ko kusa. Girman kaina ne kawai, kuma yau na faɗa da bakina.

Ana nan sai ga wata mata ta sauka a unguwarmu, ana ce mata Hajiya Ta-Abijan saboda shekarun da ta yi a can. Ta biyo ta Damagaram da akwatuna da haƙorin Makka, fuskarta jawur, sumul, ba ɗigon tabo. Ta buɗe wata sana'a da take kira saɓa. Wai akwai ruwan da ake shafa wa fuska, tsohuwar fata ta mutu ta ɗaye, sabuwa ta fito irin ta jariri. Ran kasuwar Maigatari wani direba ke tsallako mata daga Nijar da kwalabe masu rubutun Faransanci, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta haɗa abinta. Kuma ba zan yi mata ƙarya ba, na ga wata matar Gagarawa da baƙin tabon goshinta ya dushe bayan an yi mata. Wannan ne ya ja ni. Na je na yi mata maganar Azumi, ta yi dariya ta tafa hannuna ta ce, "Zanzana? Ai wannan wasan yara ne, 'yar'uwa. Ke dai kawo mini ita."

Na aika Ɗanzomo na ce wa Malam Idi biki ya yi mini yawa, ya aro mini Azumi ta kama mini aiki. Da ta zo na gaya mata gaskiyar abin da na kira ta, ta ce, "Yaya, ni fa na saba da fuskata." Na ce, "Ke kika saba, ni ban saba ba. Tashi mu je." Azumi ba ta taɓa yi mini musu ba tun tana yarinya. Ta bar ɗan wurin maƙwabciyata, ta ja mayafi ta biyo ni.

A ɗakin Hajiya mu uku ne kawai. Ta tsiyaya ruwan a 'yar tasa, wani wari ya tashi irin na asibiti, mai hawa kai. Sai ta miƙo mini gashin kaza ta ce, "Ni ba na shafa wa kowa da hannuna. Maganin nan hannun jini yake so. Ke kika goye ta, ke za ki shafa." Ni sakarya har wani daɗi na ji, wai an girmama ni. Ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana cin goronta. Azumi ta kwanta ta ɗora kai a cinyata, na tsoma gashin na fara. Duk inda na bi sai wurin ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka. Azumi ta ce, "Yaya, wuta." Hajiya ta ce daga can, "Tsohuwar fatar ce ke mutuwa. Zanzana tana da zurfi, a ƙara mata, a kai har gefen ido." Na ƙara. Azumi ta yunƙura za ta tashi, na sa gwiwa na danne mata kafaɗa, na ce, "Ke dai kin cika raki, daure mana." Ta fizge kai, ruwan da ke jikin gashin ya gangara cikin idonta na hagu. Ƙarar da ta yi har yau in na tsuguna alwala ina jin ta.

Na ce a kawo ruwa in wanke. Hajiya ta ce kul, in ruwa ya taɓa aikin ya ɓaci, a naɗe fuskar da tsumma, kada a buɗe, kada a nuna wa kowa sai ɓawon ya faɗi da kansa. Ta toshe kwalbar ta ba ni ragowar, wai in wani wurin bai kama ba in maimaita a gida. Kun ji irin biyayyar da na yi? Ni da ba a gaya mini magana. Na ɓoye Azumi a ɗakina ina ba ta kunu da cokali, tana nishi, ina ce mata saura kaɗan, har ɗakin ya fara wari. Malam Idi ya gaji da jira ya hawo kekensa ya zo ɗaukar matarsa. Daga zaure ya ji nishinta. Mutumin da bai taɓa wuce zaurena ba ya shigo har ɗaka, ya ɗaga tsumman, ya mayar. Ya ɗauke ta cak ya fita neman mota.

A asibiti likita ya ce wannan ba kayan kwalliya ba ne, guba ce mai cin nama, dangin ruwan da ake wanke masai da shi. Ya ce da an kwarara ruwa mai yawa nan take, an kuma kawo ta da wuri, da wataƙila idon ya tsira. Idon bai tsira ba. Fatar idon ta ƙanƙance ba ta rufuwa ko tana barci, kuncin ya tattare ya ja gefen bakinta sama, in ta sha ruwa sai ya zubo mata a ƙirji. Da aka sallame ta ɗanta ya ƙi yarda ta ɗauke shi, ya dinga ƙanƙame maƙwabciyata yana tsala kuka. Zanzanar da na je cirewa kuwa tana nan daram a ɗaya kuncin.

Malam Idi ya kai ƙara wurin alƙali. Shi a saninsa Hajiya ce ta shafa, don Azumi ba ta gaya wa kowa yadda aka yi ba, ni ma na ja bakina na tsuke. Ran zaman Hajiya ta shigo cikin leshi tana ƙamshi, ta durƙusa a hankali. Alƙali ya ce, "Ke kika shafa wa matar nan magani?" Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni mai sayar da kayan kwalliya ce. A kawo Alƙur'ani. In na taɓa fuskar yarinyar nan ko da ɗan yatsa ne, ya ci ni. A tambaye su wanda ya shafa." Ta juyo ta dube ni. A nan na gane amfanin gashin kazar, na gane ba wani hannun jini, dabara ce ta wadda ta san abin da ke cikin tasarta, ta kuma san wata rana za a kira ta gaban shari'a. Alƙali ya ce da ni, "Ke yayarta, kina wurin?" Bakin nan nawa da ba ya mutuwa ya mutu murus. Sai muryar Azumi ta fito daga cikin mayafi, ta ce, "Ni na shafa da kaina, Allah ya gafarta Malam. An ce kaɗan, na zuba da yawa." Ba wani shaida sai mu uku. Alƙali ya ce wanda ya saya da son ransa ya shafa da hannunsa ba shi da diyya a kan mai sayarwa, sai in an kawo hujjar cewa ta san guba ce ta ɓoye. Ya ja wa Hajiya kunne, ya sallame mu. Daga baya dattawan unguwa suka tara mu aka yi sulhu, aka raba goro, aka ce kowa ya yafe. Na ce na yafe. Ƙarya na yi, kuma Allah ya san ƙarya na yi.

Damina ta zagayo tun da aka yi wannan. Azumi ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. In na je Ɗanzomo ta ce, "Yaya, kin zo lafiya?" ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta kawo mini ruwa. Malam Idi kuwa har rigar Sallah ya ɗinka mini, yana cewa, "Yaya, ki daina sa abin a ranki, ke ma yaudararki aka yi. Allah zai saka mana." Duk sanda ya faɗi haka ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya fa? Ta daina yi a unguwa, ta koma yi a wani gida a Maigatari, in ta ji ƙishin-ƙishin ana nemanta ta tsallaka Nijar ta yi kwanakinta ta dawo. Tana bin gidajen suna tana cewa ƙauyanci ne da garaje suka ɓata fuskar Azumi. Na ji da kunnena. Na tsane ta, jama'a. Na tsani tafiyarta, na tsani haƙorin nan da take washewa, in na hango ta a hanya har ɗaci nake ji a bakina.

Ragowar kwalbar ban zubar ba, na sa ta a tsohuwar tukunya na binne a bayan ɗaki. Na taɓa zuwa wurin wani dattijo da ya yi aikin kotu har ya yi ritaya, na ce wata ce ta aiko ni da tambaya. Ya ce in aka kai kwalbar da takardar likita wurin 'yan sanda, magana za ta iya zuwa gaban majistare, don sayar da guba ba izini laifi ne tsakanin mutum da hukuma, ba sai an yi maganar diyya ba. Har na fara murna. Sai ya ƙara da cewa amma fa za a tono zancen tun daga tushe, a tambayi wanda ya shafa, kuma wadda ta yi wa alƙali ƙarya ita ma sai ta amsa tata. Kun gani? In na bi ta shari'a, Azumi da ta rufa mini asiri ita zan fara jawowa gaban hukuma da wannan fuskar, mijinta ya san ko ni wace ce, ita kuwa Hajiya kafin ɗan sanda ya ɗaura takalmi ta tsallaka iyaka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hajiya tana da 'ya guda ɗaya tilo, in kira ta Rabi. A makarantar kwana ta 'yan mata ta yi karatu a Kano, ba ta gari sanda aka yi abin. Ta gama, za a aurar da ita ga wani akawu bayan Babbar Sallah. Kwatsam sai ga aike daga Hajiya, goro da turmin atamfa, wai ni take so in zama alwankar 'yarta. Kada ku ɗauka nadama ce. An kawo mini abin da ta faɗa a gidan wani suna, wai, "Da na cuce su, Alwanka za ta zo ta wanke mini 'ya? Ku zuba ido ku gani." Wato da hannuna take so ta wanke sunanta. Na karɓi goron, na ce a gaya mata ina zuwa, kuma wallahi da mugun nufi na karɓa. Ran nan na tono tukunyar, na ɗiga ruwan a kan wata ɗanyar fatar akuya in ga ko ya mutu. Bai mutu ba, wurin ya yi fari nan take. Na zauna ina kallon fatar ina tunanin in zuba shi a kurkum, amma na san ni kaɗai ke haɗa kurkum ɗin amarya, kowa zai san ni ce. Sai na mayar na binne, na ce ko Allah ne ya rufe mini hanya don in haƙura.

Shekaranjiya da la'asar ina tankaɗe lalle sai ga sallama. Rabi ce da wata ƙawarta. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ina wuni." Yarinya mai kunya, mai murya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗauko komai na uwarta ba. Ta yi ta murza gefen mayafi, sai da ƙawar ta zungure ta sannan ta nuna mini bille a kuncinta, tsaga guda da wanzamin dangin ubanta ya yi mata tana jaririya. Ta ce a makaranta har layin dogo ake kiranta, ga shi mijin zai tafi da ita Kaduna cikin matan ma'aikata, ba ta so a riƙa kallonta 'yar ƙauye. Na ce, "To ai uwarki ce mai saɓa, me ya kawo ki wurina?" Ta ce, "Inna, na roƙe ta har da kuka. Ta ce in ta ƙara jin maganar a bakina sai ta tsine mini. Har kwalaben ta kwashe daga gidan don kada in taɓa."

Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Matar da ta tsaya a bakin ƙofa tana ce mini a ƙara, a kai har gefen ido, ita ce za ta tsine wa 'yarta in ta taɓa kwalbar. Ashe ta sani. Ta sani tun ranar da ta tafa hannuna, ta sani sanda ta hana ni ruwa. Fuskar 'yarta fuska ce, ta ƙanwata kuwa fatar gwaji. Ban san sanda rariyar ta faɗi daga hannuna ba.

Rabi ta ci gaba, ta ce, "Na taɓa jin Hajiya tana cewa akwai ragowa a wurinki. Ta ce Yaya Azumi garaje ta yi ta zuba da yawa, ni a hankali zan bi. Ba sai kin taɓa ni ba, Inna, ni zan shafa da hannuna, ke dai ki gaya mini yadda ake yi. Ga ƙawata nan shaida, ba wanda zai ce ke ce." Na ce ta matso. Na kama haɓarta na juya fuskar wajen haske. Billen ya taso daga karan hanci ya bi ta ƙarƙashin ido. Na san me ya kamata in faɗa, na san kamata ya yi in ce tashi mu je Ɗanzomo ki ga abin da kike roƙo. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ki bari sai an sa ki a lalle. Lokacin kina lulluɓe, ba mai ganin fuskarki sai ran buɗar kai." Ta yi ta godiya, har tana cewa Allah ya saka mini da Aljanna.

Kun san al'adarmu, amarya in ta shiga lalle ba mai yaye mata lulluɓi sai alwanka, ko uwarta ba ta ganin fuskarta. Tun shekaranjiya ba abin da nake gani sai ranar buɗar kai, dangin ango sun cika ɗaki, an ɗaga mayafi, an aika a kira Hajiya. Ina so ta gani. Ina so ta zauna a kan tabarmar asibiti tana ɗiga wa 'yarta ruwa a idon da ba ya rufuwa. Ina so ta kai ni gaban alƙali in durƙusa a hankali in ce a kawo Alƙur'ani. Ba zan ɓoye muku ba, in na tuna wannan har wani sanyi nake ji a ƙirjina, irin wanda rabona da shi tun kafin abin ya faru.

Amma me Rabi ta yi mini? Ita ta haɗa? Ita ta danne Azumi da gwiwa? Malamai, in ana biyan fuska da fuska, ta wa za a biya da ita, ta Hajiya, ko tawa? Ku masu sanin dokar hukuma, da gaske ne in na kai kwalbar nan za a kama Azumi saboda ta kare ni, ko akwai hanyar da za a ɗaure mu ni da Hajiya a bar ta? In na gaya wa Malam Idi gaskiya ya hana ni ganin ƙanwata har abada, wa ya rage mini? In kuma na zubar da ruwan a masai, na je na wanke mata 'ya tas, na turara ta, ita tana washe haƙori tana nuna ni ga mata, anya zuciyata ba za ta buga ba?

Ba tsoron Hajiya ne ya sa na rubuto ba, ba kuma tsoron kurkuku ba. Sanda na riƙe haɓar yarinyar nan ina duba inda ruwan zai bi, na jira hannuna ya yi rawa ko sau ɗaya, bai yi ba. Sallah ta kusa, kuma na san in ba wani ya tare ni ba, ni ba zan tare kaina ba. Don Allah ku amsa mini kafin a sa ta a lalle.

Me zan yi?